Zauren Tambaya da Amsa: Yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita, ta ina za mu taimaka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan zaure. Tun da na taɓo maganar yaran da yaƙi ya raba da gidajensu a fitowar da ta wuce, inda na kawo ƙididdigar da UNICEF ta fitar a ƙarshen 2024 cewa yara sama da miliyan 473 ne ke rayuwa a wuraren da ake rikici, wato fiye da yaro 1 cikin kowane 6 a duniya, saƙonni suka yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu ta imel wasu ta WhatsApp, akwai ma wanda na karanta na kife wayar na daɗe ban iya buɗe na gaba ba. Gaskiya ba zan iya amsa duka ba, na ɗebo guda 6 da na ga sun fi maimaituwa, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni matar aure ce, shekarata 11 da aure Allah bai ba ni haihuwa ba. Na ga bidiyon wani yaro da bai wuce shekara 3 ba yana kuka shi kaɗai a gefen hanya cikin 'yan gudun hijira, wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. Maigidana ya amince in za a ba mu irin waɗannan yaran mu riƙe. Na rubuta wa ƙungiyoyi biyu duk suka ce su ba sa bayar da yara. Me ya sa suke wahalar da mai niyyar alheri? Ta ina zan bi?

AMSA: Ƙanwata Allah Ya ba ki ladan wannan zuciya, Ya share miki hawaye ta inda ba ki zata ba. Sau uku na karanta saƙonki. Amma zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, ƙungiyoyin nan biyu daidai suka yi, da ma akwai wadda ta ce miki turo kuɗi mu kawo miki yaro to ita ce zan ce ki yi nesa da ita.

Kin ga yaron da kika gani shi kaɗai ba lallai ne maraya ba. Ranar da aka kawo hari kowa ta kansa yake yi, uwa ta goya ɗaya ta ja hannun ɗaya, na ukun yana wajen wasa ko an aike shi, ko cikin turmutsutsu hannu ya suɓuce, ko kuma a wajen hawa mota an miƙa yaro sama mota ta tashi uwar ba ta samu shiga ba. Mafi yawan yaran da ake tsinta haka suna da wani nasu a raye, in ba uwa ko uba ba to kaka ko kawu ko gwaggo ko yaya, kuma mai yiwuwa a daidai lokacin da kike kallon bidiyon nan akwai wata baiwar Allah tana bi sansani sansani da sunansa a bakinta. Shi ya sa abin farko da ma'aikatan agaji ke yi shi ne rajista, a rubuta sunansa da sunan da ake kiransa a gida, sunan iyaye da garin da ya fito, a ɗauki hotonsa, a rubuta inda aka tsince shi da wanda ya tsince shi, in ƙarami ne wanda bai iya magana ba ko kayan jikinsa ba a yarwa saboda uwa ba ta manta rigar da ta saka wa ɗanta ranar da suka rabu. Red Cross ta fi kowa daɗewa a wannan aiki, tana da babban ofishi guda a Jeneba na neman waɗanda suka ɓace. A Ruwanda bayan kisan kiyashin 1994, ita da UNICEF da Save the Children da wasu sun yi wa yara sama da 100,000 rajista, ana liƙa hotunansu a alluna cikin sansanoni, ana karanto sunaye a rediyo, an ɗauki shekaru ana yi amma yara dubbai masu yawa sun koma hannun danginsu. Da tun a watan farko aka rarraba su ga masu so a ƙasashe daban daban, wa zai sake haɗa su?

Akwai abin da ya faru a Chadi a 2007 da ba na mantawa. Wata ƙungiya daga Faransa mai suna Arche de Zoé ta tara yara 103 a garin Abeche za ta ɗora su a jirgi da sunan marayun yankin Darfur na Sudan ne, hukuma ta tare su kafin jirgin ya tashi, da aka bincika sai ga shi yawancinsu 'yan Chadi ne kuma suna da uwa ko uba a raye. Iyalan da ke jiran yaran a Faransa na tabbata da yawansu zuciyarsu irin taki ce, tausayi ne ya motsa su, amma dai garin gyaran gira aka kusa rasa ido.

Kuma wannan darasi ya daɗe. A 1939 da yaƙin duniya na biyu ya kunno kai, Ingila ta kwashe mutum kusan miliyan 1.5 daga birane zuwa karkara cikin 'yan kwanaki, yawancinsu yara, don tsoron bam. Anna Freud da Dorothy Burlingham da suka kula da ƙananan yara a Landan a shekarun yaƙin sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙaramin yaro a kan ƙarar bam ɗin kanta, in dai uwar na kusa kuma hankalinta a kwance yaro na iya jure abin da babba zai yi mamaki.

To me za ki yi? Ɗaukar nauyin maraya da Manzon Allah (SAW) ya yi wa bushara da maƙwabtaka da shi a aljanna, yana nuni da yatsunsa biyu, bai tsaya ga wanda ya kai yaro ɗakinsa ba. Akwai kakar da 'ya'yanta suka mutu suka bar mata jikoki 5, akwai bazawarar da ta riƙe nata ta haɗa da na maƙwabciyarta da ta rasu a hanya, irin waɗannan in aka tallafa musu da abinci da kuɗin makaranta yaran ba za su watse ba. In kuma ranki ya tsaya kan riƙo a gida, wanda ni ban ga laifinki ba ko kaɗan, ki bi ta hukumar kula da walwalar yara ta ƙasarki da kotu, su ne za su san yaron da aka nemi danginsa aka rasa. Sai dai ku shiga da sharaɗi a zuciya ke da maigida, ba za ku canja masa sunan uba ba, ba za ku raba shi da ƙaninsa ko yayarsa ba, kuma ranar da nasa suka bayyana za ku miƙa shi ko da kuna kuka.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ɗalibi ne, abin da nake samu ba yawa amma ina so in riƙa cire wani abu duk wata. Matsalata ban yarda da ƙungiyoyin nan ba, kullum ka ga ma'aikatansu cikin manyan motoci, ga kuma masu tara kuɗi a Facebook da TikTok su saka hoton yaro da lambar akawun. Kuɗin nan na isa wajen yaran kuwa, ko dai kasuwanci ake da su?

AMSA: Ɗana tambayarka a kan hanya take, kar kowa ya sa ka ji kunyar yin ta. E, akwai macuta, akwai masu ɗauko hoton yaro na shekara 10 da suka wuce daga wata ƙasa su ce jiya abin ya faru, kuma ko a cikin manyan ƙungiyoyi an sha kama ma'aikata da cin amana har da lalata da waɗanda aka tura su taimaka, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Amma hanyar ganewa ba ta da wuya in ka natsu. Ka duba ko ƙungiyar na da rajista da hukuma, ko tana fitar da rahoton kuɗinta na shekara wanda masu odit na waje suka duba, ko akawun ɗin da sunan ƙungiya yake ko da sunan wani mutum ɗaya, sannan ka tambaye su kai tsaye wace doka suka kafa wa ma'aikatansu game da mu'amala da yara kuma ina ake kai ƙara in wani ya saɓa. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin irin wannan tambaya, wadda ta fara maka faɗa ko ta ce ai sadaka ba a bin diddiginta, ka riƙe kuɗinka.

Ni abin da na fi dubawa ma shi ne yadda suke nuna yaran. Wanda ya ɗauki yaro tsirara yana kuka ya haska fuskarsa ya faɗi sunansa da inda yake, ko ya sa yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta ba da labari a gaban kyamara, wannan ya nuna maka matsayin yaron a wurinsa. Bidiyo ba ya gogewa a intanet, yaron zai girma ya tarar da shi, in ma daga hannun 'yan bindiga ya gudo to an nuna musu inda yake. Kai ma kafin ka tura irin wannan bidiyo gaba ka tambayi kanka in ƙaninka ne za ka so a yi ta yawo da shi haka?

Maganar mota kuwa, zan ɗan kare su. Allurar rigakafi sai da sanyi take rayuwa, tana buƙatar firji da mai da direban da zai ratsa hanyar da ba kwalta, kuma wanda ke zama yana tattaunawa da ɓangarorin da ke yaƙi don su bari a wuce shi ma albashi ake biyansa. A El Salbado daga 1985 an riƙa samun ranakun da gwamnati da 'yan tawaye ke ajiye makamai don kawai a yi wa yara allura, UNICEF da cocin Katolika suka shiga tsakani, haka a Gaza a watan Satumban 2024 an tsagaita wuta na wasu awanni a kullum har aka ɗiga wa yara sama da 500,000 maganin shan inna. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da kyakkyawar niyya kaɗai. Don haka duk wanda ya ce maka ko sisi ba ya taɓawa wajen gudanarwa, ka tambaye shi to da me yake kai kayan.

Shawarar cire wani abu duk wata kuma ka riƙe ta da kyau, ta fi a bayar da yawa sau ɗaya ranar da labari ke tashe, domin kyamarori na tafiya yara na nan. Ka duba Sudan tun Afrilun 2023, ka duba gabashin Kongo da Yaman, sau nawa kake ganinsu a labarai idan aka kwatanta da girman abin? In ka samu ƙungiyar da ka yarda da ita kar ka ɗaure mata hannu da cewa sai wuri kaza, bar ta ta kai inda aka fi buƙata.

TAMBAYA: Malama, ni dattijo ne kuma ba zan ɓoye abin da ke raina ba. 'Yan bindiga sun kashe min ɗa, waɗanda suka ga abin sun ce akwai yara 'yan shekara 13 zuwa 14 a cikinsu riƙe da bindiga. Yanzu sai in ji wai ƙungiyoyi na karɓar irin waɗannan yaran suna ciyar da su suna koya musu sana'a. To marayu 4 da ɗana ya bar min fa? Wannan adalci ne?

AMSA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Allah Ya jiƙan ɗanka Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari Ya ba ka ƙarfin riƙe su. Ba ni da bakin da zan ce maka kar ka ji zafi, kuma ba zan ce dole ka yafe ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne.

Akwai inda kake da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma masu aikin su ma sun gane hakan bayan sun sha yin kuskure. In aka zo gari aka ware yaran da suka riƙe bindiga su kaɗai aka ba su kaya da jari, alhali marayun da suka rasa iyaye na kallo, an shuka gaba, har wani yaron zai ɗauka shiga daji shi ne hanyar samu. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙasashe suka amince da su a birnin Faris a 2007 suka ce shirin mayar da waɗannan yara cikin jama'a ya haɗa da sauran yaran garin masu rauni, makaranta ɗaya wajen koyon sana'a ɗaya, kuma a guji danƙa wa yaron da ya fito daga daji tsabar kuɗi a hannu. Saboda haka jikokinka suna da haƙƙi cikakke, in akwai irin wannan shiri kusa da ku ka je ka tambaya da ƙarfin gwiwarka me aka tanadar wa marayu, ba roƙo ka je ba.

Amma Baba ka ba ni dama in ce wani abu game da yaron nan mai shekara 13. Wa ya ba shi bindigar? Yaro ba ya sayen bindiga, ba ya shirya hari. Wasu sace su ake yi a gona ko a makaranta ko a hanya, wasu yunwa ce ta kai su, wasu an kashe nasu iyayen ba su da wajen zuwa, kuma abin da manyan ke yi tun farko shi ne su tilasta wa yaro ya yi mummunan abu a garinsu ko ga wanda ya sani, don ya san ba shi da fuskar komawa gida, sannan a bi shi da ƙwaya da duka da barazana. Da yawansu ma ba su taɓa harbi ba, dako suke yi da girki da leƙen asiri, 'yan matan kuma a aurar da su dole. Shi ya sa dokar duniya ta ɗora babban laifin a kan wanda ya ɗauki yaron. Yarjejeniyar Roma ta 1998 ta ce saka yaro ɗan ƙasa da shekara 15 a yaƙi laifin yaƙi ne, kuma mutum na farko da kotun duniya ta ICC ta taɓa samu da laifi, Thomas Lubanga na Kongo a 2012, a kan wannan ne aka ɗaure shi shekara 14. Akwai kuma ƙarin yarjejeniyar da ta fara aiki ranar 12 ga Fabrairun 2002 wadda ta hana ƙungiyoyi masu makamai ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Dominic Ongwen na Yuganda. Yana yaro 'yan tawayen LRA suka sace shi a hanyarsa ta zuwa makaranta, ba wanda ya ceto shi, ya girma a daji har ya zama kwamanda, shi ma ya dawo yana sace 'ya'yan wasu yana kashewa, a 2021 kotun ta yanke masa shekara 25. Da an ƙwato shi yana ɗan shekara 12 an mayar da shi aji, mutum nawa ne za su tsira? Wannan lissafin ne ya sa ake kashe kuɗi a kansu. Yaron da ya fito ya tarar kowa na gudunsa, ba makaranta ba sana'a, abin da ya iya guda ɗaya ne kuma akwai masu jiransa a daji. A Saliyo bayan yaƙin da ya ƙare a 2002 an sallami yara kusan 7,000 daga hannun mayaƙa, amma 'yan mata da yawa ba su shiga shirin ba, wasu don ba su da bindigar da za su miƙa wasu don kunya, suka koma gida da goyo ba mai tallafa musu, kuma har yau ana kawo wannan a matsayin kuskuren da bai kamata a maimaita ba.

Karɓar yaro ba yana nufin a yi kamar ba abin da ya faru ba. Wanda ya yi babban laifi akwai hanyar da shari'a ke bi da shi daidai shekarunsa, kuma ya kamata a saurari irinku kafin a dawo da kowa cikin gari. Tambayar nan taka ma ta girmi dukkanmu. A 1919 da Eglantyne Jebb da 'yar uwarta Dorothy Buxton suka kafa Save the Children a Ingila, yaran Jamus da Ostiriya suke nema wa abinci, wato 'ya'yan waɗanda aka gama yaƙi da su jiya jiya, mutane suka yi ta zaginsu, ita Jebb har kama ta aka yi aka ci ta tara saboda raba takardu masu hoton yaran da yunwa ta cinye. Ita ce ta rubuta daftarin haƙƙin yara da aka amince da shi a Jeneba a 1924, wanda daga baya aka gina yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 a kansa.

TAMBAYA: Anti sannu da ƙoƙari. Muna da ƙungiya ta mata, mun tara kuɗi muna so mu sayi madarar gwangwani ta jarirai katan katan mu haɗa da tsofaffin kayan sawa mu aika sansanin 'yan gudun hijira. Akwai abin da za mu ƙara?

AMSA: 'Yan uwana mata Allah Ya saka, amma don Allah ku tsaya da maganar madarar nan tukuna. A sansani ruwa mai tsabta wahala yake, babu wajen tafasa bulumboti, uwa za ta dama da ruwan da ta samu ta kuma tsinka shi don gwangwanin ya daɗe, jariri ya kama gudawa, nonon uwa kuma ya janye tunda an daina tsotsa, ranar da gwangwani ya ƙare shikenan an rasa duka biyun. Gudawa na cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara a irin waɗannan wurare. Uwar da ke cikin firgici tana iya shayarwa in ta samu abinci da ruwa da wajen da za ta keɓe da mai kwantar mata da hankali, don haka ku ciyar da uwar. Jaririn da uwarsa ta rasu kuma aka rasa mai shayar da shi, ma'aikatan lafiya ne ke ba da madara su kuma riƙa bibiya.

In tamowa ce ke damunku akwai abin da aka yi dominta. Ana auna dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da wani ɗan tef mai kala uku, in awon ya faɗi ƙasa da santimita 11.5 ya shiga ja, wato tamowa mai tsanani. Sai a ɗora shi kan abincin magani na gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut, aka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. Ba a dafawa ba a haɗa shi da ruwa, uwa za ta yaga leda ta ba shi a inda take, cikin mako 6 zuwa 8 yawanci yaro ya farfaɗo, kuma ba ta bar sauran 'ya'yanta ta je ta tare a asibiti ba. Ku ba cibiyar da ke wannan aiki kuɗin. Su kuma tsofaffin kaya, sau da yawa kuɗin ɗaukarsu da tantance su ya fi darajarsu, ku fara tambayar masu kula da sansanin da matan da ke ciki me suka rasa, za ku iya jin sabulu ne da bokiti da audugar mata da gidan sauro.

TAMBAYA: Malama ko zan iya ba da zakkata ga irin waɗannan ƙungiyoyi?

AMSA: Malam, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum 8 da ake ba zakka, kuma yaran da muke magana a kansu da iyayensu galibi suna shiga cikin faƙirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Abin lura shi ne ƙungiyar ta kasance tana da asusun zakka daban wanda ba ta cakuɗa shi da sauran kuɗi. Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984 tana karɓar zakka, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta buɗe asusun zakka a 2019. Ka karanta yadda suke rabawa, sannan ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa ya duba maka tunda akwai saɓanin malamai a wasu rassan.

TAMBAYA: Anti ki taimaka min. Yayata ta rasu a wani hari, ɗanta mai shekara 7 yana wajen, yanzu wata 4 yana hannuna. Da yaro ne mai surutu, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, ya koma fitsarin kwance, in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. Wasu na cewa in matsa masa ya faɗi abin da ya gani ya huta, wasu na cewa in daina sangarta shi. Na rasa yadda zan yi.

AMSA: Allah sarki ƙanwata, Allah Ya jiƙan yayarki. Ke ma fa rashi kika yi, kina riƙe da yaro kina riƙe da naki ciwon. Ki sani duk abin da kika lissafa, shirun da fitsarin da firgitar, haka jikin yaro ke yi in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ba sangarta ba ce ba kuma taurin kai ba. Kar ki dake shi kan fitsari, kar ki bari yara su yi masa dariya, ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado ki wanke da safe ba tare da kin ce komai ba. Kuma kar ki matsa masa ya ba da labari, kar ki bari baƙi masu zuwa gaisuwa su zaunar da shi suna tambaya. Ranar da ya fara magana da kansa ki ajiye abin da kike yi ki saurara, in ya tambayi ina mamarsa kar ki ce ta yi tafiya, zai yi ta jiran ƙofa, ki faɗa masa ta rasu da kalmomin da zai gane ki kuma nanata masa ba laifinsa ba ne, domin yara masu wannan shekaru sukan ɗauka wani abu da suka yi ne ya jawo.

Abin da ƙungiyoyi ke yi a sansani in sun kafa tanti na wasan yara ko aji na wucin gadi, ke ma za ki iya yinsa a gida, wato ki mayar masa da rana mai tsari. Lokacin tashi ɗaya, lokacin cin abinci ɗaya, lokacin kwanciya ɗaya, in za ki fita ki faɗa masa inda za ki da lokacin dawowa kuma ki cika, don yanzu babban tsoronsa shi ne ke ma ki ɓace. Ki ba shi takarda da fensir mai kala, ki bar shi ya yi wasa da sa'anninsa ko da kallo kawai zai tsaya yi da farko, in ya zana bindiga ko wuta kar ki ƙwace. Ki mayar da shi makaranta, ki keɓe da malaminsa ki yi masa bayani don kar ya ɗaga masa murya ko bulala. In akwai wani kayan mamarsa, ko mayafi ne, ki bar masa.

Tunda an kai wata 4 abin bai sassauta ba, ina so ki kai shi wajen likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa wanda ya saba da yara, a duba shi har da fitsarin ko akwai ciwon mara. In kuma ya daina cin abinci, ko ya fara ji wa kansa ciwo, ko yana maganar yana so ya mutu ya bi mamarsa, kar ki jira gobe. Ke ma ki samu wadda za ki riƙa yi wa kuka ba a gabansa kullum ba. Ki sake rubuto min bayan wata ɗaya in ji ko ya fara samun barci.